Baitul Amana, Rumbun Makaman Halifa a Umdurman

Dangin mahaifina da ke Sudan sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda suka zauna a Jazira suna noman auduga da dawa, akwai kuma waɗanda suka gangaro birni suka yi gida a Umbadda, yamma da tsohon Umdurman, garin da ke tsallaken kogi daga Hartum. Wajen na birnin na sauka, kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023. Mai gidan ɗan ƙanen kakanmu ne, Baffa nake ce masa. Mahaifinsa ya baro ƙasar Kano da ƙafa da niyyar aikin hajji a zamanin Turawa, guzuri ya ƙare masa a bakin Nilu, ya tsaya ƙwadago a gonakin auduga, ya auri 'yar mutanen Mai Wurno, garin da mutanenmu suka kafa a bakin Shuɗin Nilu, daga nan zama ya kama shi. Baffa bai taɓa taka Nijeriya ba, amma Hausarsa garau take, irin ta tsofaffi, sai ɗan Larabcin da kan faɗo ciki idan magana ta yi zafi.

Da ya tambaye ni abin da nake son gani a gari, na ce masa ƙubbar Mahadi, wato kabarin Muhammadu Ahmad, wanda ya yaƙi mulkin Masar a Sudan. Ya girgiza kai.

"Ɗana, ƙubba kowa yana zuwa, ya yi addu'a ya ɗauki hoto ya tafi. In kana so ka gane yadda aka ci ƙasar nan, yaron nan ya kai ka Baitul Amana, inda Halifa, magajin Mahadi, yake tara bindigoginsa."

Jikansa, ɗalibin jami'a ne, ya yi dariya ya ce, "Kaka, ai filin ƙwallo za ka tura Kawu." Baffa ya ce shi ma ya sani, ya dai kai ni.

Muka tari raksha, wato a-daidaita-sahu, da hantsi. Umdurman gari ne shimfiɗaɗɗe, mai gidaje gajeru launin ƙasa, ko'ina ka waiga farar jallabiya ce da rawani, ga mata masu shayi sun jera kujerun roba a gindin bishiyoyi, ƙamshin gahawa da citta yana tashi. Sunayen unguwannin ma tarihi ne: Mulazimin, inda dakarun da ke tsaron Halifa suka zauna; Baitul Mali, inda taskar gwamnatinsa take; Arda, filin da ake jera runduna ran Juma'a. Tun daga nesa ƙubbar Mahadi take walƙiya kamar an shafe ta da azurfa. Wadda ake gani yanzu ginin 1947 ce, ɗansa Sayyid Abdurrahman ya sake tayar da ita, domin ta asalin Turawa sun rusa ta bayan sun shiga garin.

Yaron ya ce mu fara da gidan Halifa Abdullahi, wanda ke daf da ƙubbar, tunda can aka mai da ragowar kayan Baitul Amana. Gida ne na jan bulo, an gina ƙasansa a 1888 aka ɗora bene a 1891, aka mai da shi gidan tarihi tun 1928. Ɗakunan ƙanana ne, ƙofofin gajeru, sai ka sunkuya. A tsakar gida akwai tsohuwar mota ta farkon zamanin Turawa da kan tsohuwar ƙubbar da aka tsinto daga ɓaraguzai. Na wuce su da sauri, ɗakin makamai nake nema.

A nan na daɗe. Ga sulke rataye, zobban ƙarfe ƙanana an sarƙe su ɗaya cikin ɗaya, irin wanda muke gani a jikin mahaya ran hawan sallah. Ga kwalkwali, ga takubba miƙaƙƙu, ga masu masu faɗin kai, ga jibbar Ansaru, mabiya Mahadi, fara da faci-faci na shuɗi da ja da baƙi an ɗinke su a tsare. Sai bindigogin. Na matsa kusa da wata Remington mai dogon baki. Katakon gindinta ya yi baƙi ya yi santsi saboda gumin hannu, a wuyanta akwai inda ya tsage aka naɗe da fata, fatar ta bushe ta kama kam. Ta baya ake buɗe ta, a sa harsashi ɗaya, a rufe, a harba, a sake buɗewa a zare kwanson. Ƙirar Amurka ce, gwamnatin Masar ta saye su da yawa a zamanin Hidiwi Isma'il ta raba wa sojojinta. Wannan da nake kallo ta fara aiki ne a hannun sojan mulkin mallaka, ta ƙarasa a hannun wanda ya yaƙe shi.

Mu a Nijeriya in an ce mulkin mallaka, Ingila muke tunawa. Sudan sau biyu aka yi mata. Na farko shi ne wanda suke kira Turkiyya: Muhammadu Ali Basha na Masar ya turo runduna a 1820, Sannar ta miƙa wuya a 1821, aka yi shekara 60 ana karɓar haraji da bulala. Kowane babban gari da aka ajiye soja, Hartum ne ko Ubayyid ko Kasala ko Barbar, akwai ma'ajiyar bindiga da albarushi, wadda mutanen can ke kira jabahana. Waɗannan ma'ajiyoyi su ne suka zama tushen abin da daga baya ya cika Baitul Amana.

Abin da ya fi ba ni mamaki a labarin shi ne Mahadi Muhammadu Ahmad da fari bai yarda da bindiga ba. A tsibirin Aba, cikin Agustan 1881, da sanduna da masu da takubba mutanensa suka kashe sojojin da aka turo su kama shi. Suka ƙaura dutsen Ƙadir, suka ci wasu rundunoni biyu da aka aiko musu, bindigogin da suka samu kuma aka jibge su gefe, ana ganin makamin maƙiyi ne. Sai ran wata Juma'a a Satumban 1882, da suka faɗa wa ganuwar Ubayyid da makaman hannu, Remington ta kashe dubbai a cikinsu, har da 'yan'uwan Mahadin na jini. Daga ranar aka sauya shawara. Aka aika Ƙadir aka ɗebo bindigogin, aka haɗa runduna ta musamman mai suna Jihadiyya, yawancinta tsofaffin sojojin gwamnati da aka kama, aka ɗora Hamdan Abu Anja a kanta. Ubayyid ta faɗi a Janairun 1883 da duk abin da ke cikin jabahanarta. A Nuwamban shekarar, a dajin Shaikan, aka shafe rundunar Masar mai mutum wajen 10,000 ƙarƙashin Baturen Ingila Hikis Basha, aka kwashe bindigoginta da igwoyin Krupp da akwatunan harsashi. Ran 26 ga Janairu, 1885, Hartum ta faɗi, aka kashe Gurdun Basha, Baturen Ingilan da ke riƙe da garin, wanda ya ajiye harsasansa a ginin mishan na Katolika saboda kaurin bangonsa. Mahadi bai daɗe ba bayan haka, ya rasu a watan Yunin shekarar. Halifa Abdullahi ya gaji ƙasa mai faɗi da tulin bindigogin da ko ɗaya ba a cikinta aka ƙera ba.

Daga gidan Halifa zuwa Baitul Amana tafiyar ƙafa ce. Yaron bai yi ƙarya ba, filin ƙwallo ne, Darur Riyada ake kiransa. A zamanin Turawa aka mai da wurin haka, a nan ƙungiyoyin ƙwallo na Hilal da Marrik suka yi ta karawa kafin kowace ta gina nata filin. Mai gadi ya bar mu muka leƙa. Wasu samari suna atisaye cikin rana, kocinsu yana ta busa usur, ƙura na tashi. Na hau matakalar 'yan kallo na zauna ina auna faɗin wurin da ido. A da katangaggen fili ne da ɗakunan ajiya a ciki da masu gadi a ƙofa. A nan ake ajiye bindigogi da igwoyi da harsashi, da tutocin yaƙi, da tambura na tagulla, da sulkuna, har da tsofaffin kekunan doki na hakiman Turkiyya. Halifa ya sa an kwashe mutanen Hartum an dawo da su Umdurman a 1886, aka riƙa ɗebo bulo da katakon gidajen can ana gini a nan, sai ma'aikatar gyaran jiragen ruwa da maƙera kawai aka bari suna aiki a tsohon garin.

Ba don gudun ruwa da tsatsa kaɗai aka yi wannan katanga ba. Halifa ba ya barin bindiga ta yi yawo a gari. Ana fito da ita idan za a fita yaƙi ko za a jera runduna, a ƙirga, in an gama a mayar. Harsashi kuwa ya fi haka tsanani. Waɗanda aka amince su riƙe bindiga kullum su ne Mulazimin, ƙarƙashin ɗansa Usmanu Shaihud Din, sai kuma abin da ɗan'uwansa Yaƙubu, mai baƙar tuta, ya ba da izini. Dalilin a fili yake. Halifa Bata'aishe ne, daga ƙabilun Baggara na yamma, mutanen bakin kogi da dangin Mahadi, waɗanda ake kira Ashraf, ba su taɓa sakin jiki da sarautarsa ba. Ya kwaso danginsa Baggara ya zuba su a Umdurman daidai lokacin da yunwar shekarar 1306 ta Hijira take cin mutane, abin ya ƙara ƙiyayya. A Nuwamban 1891 Ashraf suka taru a gefen ƙubba da 'yan makaman da suka ɓoye, aka yi harbe-harbe, aka sasanta, daga baya ya kama manyansu ya ɗaure. Wanda yake riƙe da mabuɗin wannan fili shi yake riƙe da garin, kuma Halifa ya san haka sarai.

Ba na cikin masu zagin mutumin nan daga inuwa. Ya riƙe ƙasa shekara 13 tana kewaye da abokan gaba, Masar da Ingila a arewa, Habasha da Italiya a gabas, ga na cikin gida. Amma ina zaune a kan matakalar nan na ga illar tsarin nasa. Bindigar da ke kulle ba ta koya wa kowa saiti. Sojan da ba a ba shi harsashin gwaji ba, ranar yaƙi ce ranar koyonsa, kuma Turawan da suka fuskance su sun rubuta cewa harbinsu yakan bi ta sama.

Ƙarancin harsashin kuwa ba rowa ba ce. Halifa yana cikin halin manomin da ke ɗiba daga rumbu alhali ba shi da gonar da zai sake cika shi. Kowane yaƙi, Gallabat da Habashawa a Maris na 1889, Toshki a Agustan shekarar inda amirinsa Wad Nujumi ya faɗi, yana rage abin da aka gada. Teku a rufe take, Sawakin tana hannun Ingila. A 1890 kuma ƙasashen Turai suka zauna a Brussels suka rattaba hannu cewa ba za a riƙa sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani da harsashinsu ba, da sunan hana cinikin bayi. Dokar nan ta shafi Umdurman, ta shafi Sakkwato da Kano. Sai aka koma dabara. Ana tsince kwanson da aka harba a dawo da shi, a sake ɗura masa albarushin gida, a zuba dalma. Ana tace gishirin albarushi daga ƙasa, a haɗa da gawayi da farar wuta, ana sa tsofaffin ma'aikatan Masar da fursunonin Turai aikin. Hannu ne da ƙwaƙwalwa aka sa, kuma na girmama su a kan haka. Sai dai albarushin ba shi da ƙarfi, harsashin ba ya nisa, wani ma ba ya tashi.

A ɗaya gefen, Janar Kitchener, shugaban rundunar Ingila da Masar, bai yi gaggawa ba. Ya faro daga 1896, ya shimfiɗa layin dogo daga Wadi Halfa ya ratsa hamada zuwa Abu Hamad, ya kai shi Atbara. Jirgin ƙasa ya riƙa kawo masa harsashi da abinci da jiragen ruwa masu igwa gunduwa-gunduwa ana harhaɗawa a bakin kogi. Tasa ma'ajiyar tana Ingila, a masana'antun da ba sa hutawa, dogon kuma ya haɗa ta da bakin daga.

Da la'asar muka gangara bakin Nilu wajen ganuwoyin ƙasa da ake kira tabiya, waɗanda aka gina don tare jiragen. Har yanzu akwai ragowarsu, jar laka mai kauri da 'yan tagogi na harbi. Na sa ido a ɗaya daga tagogin. Ruwa kawai nake gani da tsibirin Tuti a tsallake, ɗan siririn wuri, dama da hagu duk bango ya tare. Haka aka gina su, suna kallon gaba kawai, jirgi yana gota saitin tagar igwa ta zama ba ta da amfani. Ran 1 ga Satumba, 1898 jiragen suka yi musu ruwan wuta suka wuce, manyan igwoyi kuma daga tsallaken kogi suka huda ƙubbar Mahadi.

Washegari Juma'a, 2 ga wata, aka haɗu a Karari, kimanin kilomita 11 arewa da gari. An buɗe Baitul Amana an raba abin da ke ciki, duk da haka cikin mutum wajen 50,000 da suka fita, waɗanda ke da bindiga ba su kai sulusi ba. Kitchener yana da wajen 25,000, Turawan Ingila da Misirawa da Sudanawa, da bindigogi masu cin harsashi da yawa a lokaci guda, da Maxim, wadda kakanninmu suka sani da suna bindiga mai ruwa, mai zubar da harsashi kusan 600 a minti. Kafin azahar an kashe Ansaru fiye da 10,000. A ɓangaren Kitchener waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Yaƙubu ya faɗi a gindin baƙar tuta. Da yamma Turawa suka shiga gari, suka sa masu gadi a ƙofar rumbun. Halifa ya yi kudu, aka cim masa a Umm Dibaikarat ran 24 ga Nuwamba, 1899, aka same shi da manyan amiransa a kan buzayensu na salla. Kabarin Mahadi kuwa Kitchener ya sa aka tone, aka watsa ƙasusuwan a kogi, abin da har a majalisar Ingila sai da aka yi tir da shi.

Mun koma gida bayan magariba, muka biya wajen wani ɗan'uwa Bahaushe mai agashe, wato tsire, muka yi ƙunshi. A Sudan wannan sana'a tamu ce, ƙuli da yajin ma irin na gida. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kawo shayi, Baffa ya ce in faɗa masa abin da na gani. Ina cikin bayani jikan ya katse ni, ya ce shi a ganinsa kuskure ɗaya Halifa ya yi, da ya bi shawarar amiran da suka ce a kai hari da dare, da labari ya sha bamban, tunda mai ruwa ba ta gani a duhu.

"Kai yaro ne," in ji Baffa. "A ce sun ci na ranar. Jirgin ƙasa ya daina tafiya? Wata rundunar za ta zo da wasu akwatunan. Su kuma da me za su sake cika Baitul Amana?"

Yaron bai yarda ba, ya kawo misalin Habasha da ta kori Italiya a Adwa a 1896. Baffa ya ce ai Sarki Menelik sayen bindiga yake daga Turawan kansu, yana da hanyar da take shigo masa, Halifa kuwa ba shi da ita. Ni dai bayan Baffa nake, ko da yake na fahimci abin da ke cin yaron: yana so a ce akwai wata ƙofa da aka bari ba a shiga ba.

Daga nan tsohon ya juya kan nasa mutanen, muryarsa ta sauya. Kakanninsa na wajen uwa suna cikin jama'ar da ta bi Sarkin Musulmi Attahiru bayan an ci Sakkwato ran 15 ga Maris, 1903, wata guda da 'yan kwanaki bayan Kano. Gabas suka nufa, domin tun zamanin Shehu ake riƙe da maganar cewa a ƙarshen zamani jama'a za ta ƙaura zuwa bakin Nilu ta sadu da Mahadi. Alaƙar ma ba sabuwa ba ce: Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya yi musayar wasiƙu da Mahadin Sudan ya yi masa mubaya'a tun yana Balda a ƙasar Adamawa. A Burmi, cikin ƙasar Gombe, sojojin Lugga suka cim musu ran 27 ga Yuli, 1903, aka kashe Attahiru da ɗaruruwan mutanensa. Lugga kansa yana ƙaramin hafsa ya yi yaƙi da Ansaru a wajen Sawakin a 1885, ya san su tun kafin ya san mu. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja ragowar jama'a suka ci gaba da tafiya, ta Wadai da Darfur, har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar.

"Ka duba fa, ɗana," ya ce. "Sun gudo daga mai ruwa, sun yi tafiyar shekaru, mata suna haihuwa a hanya, ana binne tsofaffi a hanya. Suka iso suka tarar mai ita ya riga su da shekara da shekaru, shi ne ma zai nuna musu inda za su kafa bukka."

Ban taɓa jera shekarun nan biyu kusa da juna ba sai a daren nan, 1898 da 1903. A makaranta an koya mana faɗuwar Sakkwato ita kaɗai, kamar abin da ya faru a tsakaninmu da Lugga kawai. Alhali lokacin da Attahiru ya fita daga Sakkwato, rumbun makaman daular da ake fatan samun mafaka a cikinta ya shekara huɗu da rabi a hannun Ingila, Rabe ma Faransawa sun kashe shi a Kusuri tun 1900. Sanin haka bai rage mini girman hijirarsu ba ko kaɗan. Ya dai nuna mini faɗin tarkon da aka ɗana, daga Nilu har Kwara, da makami iri ɗaya da doka ɗaya ta hana sayar da shi.

Kayan Baitul Amana an yi watanda da su. Hafsoshin Ingila sun kwashi tutoci da jibbobi da sulkuna da tambura a matsayin ganima, yau suna warwatse a gidajen tarihi da barikokin ƙasarsu. Abin da ya saura a Sudan shi ne wanda na gani a gidan Halifa. Tsohon Umdurman yana cikin wuraren da aka fi gwabzawa a yaƙin da ya ɓarke a 2023, kuma rahotanni sun ce gidan Halifa na cikin gidajen tarihin da aka ɓarnata aka kwashi kayansu. Iyalin Baffa sun bar Umbadda sun koma wajen dangi a Gadarif. Da na samu jikan a waya na roƙe shi, in hanya ta buɗe ya koma, ya leƙa mini ɗakin makaman nan ya ga ko Remington ɗin mai naɗin fata tana nan. Ya ce to, Kawu, amma sai sun fara zuwa sun ga abin da ya rage na nasu gidan.